Hoton da Aka Ɗauka da Azumi

Ciwon Baba a kunne muka fara ganinsa. Wajen ƙarshen sanyi ya soma cusa auduga a kunnen hagu, yana cewa iskar tabki ce ta shige shi. Lambunmu yana bakin tabkin Madarumfa, kuma tun kafin a haife ni yake sammako can yana ban ruwan albasa da kabeji, don haka ba wanda ya yi masa musu. Inna ta ɗiga masa man shanu mai ɗumi, bai yi ba. Bayan 'yan makonni sai ya fara tsayawa a tsakiyar cin tuwo, ya karkatar da kai dama, ya runtse ido kafin loma ta wuce. In ka tambaye shi sai ya ce miyar ce ta yi yaji.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma ni kaɗai ce na yi lakwal, wato makarantar boko, har na zama malama. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Duk takardar da ta shigo gidan nan da Faransanci hannuna take faɗowa, ta gona ce ko ta asibiti. Ina da baki, ina kuma da ji da kai a kan karatuna, ba zan ɓoye ba. Ƙanena yakan ce ko takardar ƙunshin ƙosai aka miƙo mini sai na gyara tabarau.

Mako uku na yi ina naci kafin Baba ya yarda muka je asibitin garinmu. Likitan ya leƙa kunnen ya ce lafiyarsa lau. Ya leƙa baki, ya lalluba wuya, ya tambayi Baba ko yana cin taba. Baba ya ce garin taba da kanwa dai, tun yana saurayi. Likitan ya daɗe yana buga biro a kan tebur, sannan ya ce da ni shi ba ya son kunne mai ciwo alhali kunnen lafiya yake, domin wani lokaci maƙogwaro ne ke aiko da ciwon can. Ya rubuta mana takarda mu je Maradi a yi sikana, injin nan da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka. Ya ce in sakamako ya fito in kawo masa da hannuna.

Ranar da aka ba mu ta faɗo cikin azumi, ana tsakiyar zafi. An ce ya zo bai ci komai ba. Da na gaya wa Baba sai ya yi dariya har ya dafe kunnen.

"Ashe injin ma musulmi ne," in ji shi.

Muka shiga mota da safe. Muka zauna a benci har rana ta take, Baba yana jan carbi, ni ina fifita da takardar likita. Mai ɗaukar hoton wani dattijo ne mai furfura, mutumin yamma, Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, don haka da ni yake magana da Faransanci ina juya wa Baba. Ya zaunar da Baba, ya naɗe masa hannun riga, ya jawo wani tire mai allura da kwalba cike da ruwa fari.

"Mi za ya yi da wagga allura?" Baba ya tambaye ni.

Na tambaya, na dawo masa da amsa: ruwa ne da ake zubawa a jijiya, ya bi jini, ya fito da wurin da ciwo yake a cikin hoton.

"Ruwa? Cikin jikina? Da rana tsaka?" Ya sauke hannun rigarsa a hankali, ya ɓalla maɓalli. "Uwata, hwaɗa mishi ina azumi."

Na ce masa malamai da yawa sun ce allurar da ba abinci ba ce ba ta karya azumi. Na ce ko da tana karyawa, ai an yi wa mara lafiya rangwame, sai ya rama bayan Salla.

"Wa ya ce miki ni maras lahiya ne? Jiya ni na ba lambu ruwa, ni ɗaya. Tun da na balaga ban sha azumi ko guda ba, ba ni farawa yau saboda kunne. Ki dubi kwalbar mana, ai ta kai kohin shayi."

Dattijon bai ji Hausar duka ba, amma ya gane. Da alama ba Baba ne na farko ba a watan. Ya juyo ya yi mini bayani a natse. Ya ce ana iya ɗauka ba allura, amma naman maƙogwaro da gindin harshe duk kala ɗaya suke fitowa, ƙaramin abu yana iya lafewa a ciki ba a gan shi ba. Ya ce shawararsa mu koma gida mu dawo bayan Salla. Ya buɗe littafinsa, ya yi ta juya shafi, ranar da ya samo mana ta kusa wata biyu a gaba.

Na dubi Baba yana zaune ya haɗa hannuwa a cinya. Na san mutumina. Na san wahalar da na sha kafin ya hau motar nan, na kuma san in muka fita ƙofar ba hoto, ba mai sake dawo da shi. Na ce a raina rabin gani ya fi rashin gani. Na ce wa dattijon ya ɗauka haka nan. Ya ɗaga kafaɗa, ya rubuta wani abu a takarda, ya mayar da tiren gefe.

"Mi ya ce?" in ji Baba.

"Ya ce ba komi, ana yi haka nan."

Ya cire hula ya miƙo mini, ya kwanta a kan gadon injin. Ta gilashi nake kallo gadon yana shiga da shi cikin zoben, kai ya ɓace, ƙirji ya ɓace, sai tafin ƙafafunsa masu faso suka rage a waje.  Ba a yi minti goma ba aka fito da shi yana tambayar inda zai yi alwala.

Bayan kwana uku na koma ni kaɗai na karɓo babbar ambulan. A ciki akwai baƙin faifai mai ƙananan hotuna jere-jere, da takarda guda. A tasha na buɗe, ina tsaye. Can ƙasa an taƙaita sakamakon a layi uku. Na farko ya ce ba a ga wani ƙari ba. Na biyu ya ce kaluluwar wuya ba ta kumbura ba. Na uku ya ce an yi hoton ba allura domin mara lafiya ya ƙi, saboda haka abin da hoton ke iya nunawa ragagge ne, in ciwo ya ci gaba a sake da allura, a kuma kai shi wurin likitan maƙogwaro ya duba da idonsa.

Na iso gida bayan la'asar na tarar an shimfiɗa tabarma ana jirana, Baba da Inna da ƙanena. Na gyara tabarau na karanta layi na farko, na juya shi da Hausa. Na karanta na biyu. Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala, hawaye yana zubo mata. Ƙanena ya sauke numfashi. Baba yana murmushi irin na wanda ya ci gardama.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan."

Na ninke takardar. Abin da na gaya wa kaina shi ne, likitoci kullum sai sun rubuta irin wannan layi a ƙasan takarda don kare kansu. Na kuma ce in na karanta shi dole in faɗi abin da dattijon ya ce ranar nan, da abin da ni na ce ya ce. Likitan garinmu kuwa ban mayar masa da sakamakon ba. Na ce me zai karanta a ciki da ni ban iya karantawa ba? Wannan tunanin nawa ne, ba wanda ya sa mini shi.

Faifan nan ya zama abin kallo a unguwa. Maƙwabta suka riƙa zuwa barka, ana fita tsakar gida ana ɗaga shi a rana. Wani abokin Baba, masunci, ya ɗora yatsa a kan ƙashin wuya ya ce ga maƙogwaron nan tas, kamar an wanke. Ba wanda ya san sama da ƙasan hoton, amma kowa ya ga lafiya a ciki. A ƙofar masallaci magana ɗaya ce: inji ya duba bai ga komai ba. Da aka gaji da kallo Inna ta sa shi a akwati tare da takardun gona.

Audugar dai ba ta bar kunnen ba.

Ranar Babbar Salla, al'adar gidanmu Baba ne ke fara cin hantar rago kafin kowa ya taɓa nama. Ƙanena ya gasa ya miƙa masa. Ya ɗauki yanka ɗaya ya daɗe yana tauna, sai ya juya wajen katanga kamar mai gyara zama, ya tofa a tafin hannu ya rufe. Ni kaɗai na gani, ko kuwa ni kaɗai na yarda na gani. Ya ce hantar bana ta yi tauri, aka yi dariya aka zagi ragon.

Daga nan abubuwa suka riƙa sauyawa kaɗan-kaɗan, ba wanda ya kira su da suna. Inna ta fara sassauta tuwo, daga baya ta koma kunu da fura mai ruwa-ruwa, tana cewa zafi ne ya hana kowa cin abu mai nauyi. Muryar Baba ta yi kauri, kamar mai magana da loma a baki. Mutumin da ke tsayawa a lambu ya ƙwala wa masunta sallama har tsakiyar ruwa ya koma ɗaga hannu. Rigunansa suka yi masa yawa. In ya zauna kusa da ni ina jin wani wari daga numfashinsa wanda ba na taba ba ne. Ina aji ina rubutu a allo, layin nan na uku yana yawo a kaina kalma bayan kalma, har yara su ce madan kin tsaya.

Tsoro nake ji, da kunya, kuma kunyar ta fi ƙarfi. Kowane mako da ya wuce faɗin gaskiya yana ƙara nauyi, domin yanzu ba layi ɗaya zan karanta ba, sai na haɗa da bayanin watannin da na yi shiru. Sau biyu ina buɗe akwatin Inna in ɗauko takardar, in mayar. Da damina ta sauka na yi ƙarfin hali na same shi yana gyara ƙotar hauya, na ce ya kamata mu koma Maradi a sake dubawa.

"A sake duba mi? Ke kinka karanta muna takarda da bakinki. Ko injin ƙarya ya yi?"

"A'a, Baba."

"To."

Ya ci gaba da aikinsa. Na wuce ɗaki. Da bakina na gina katangar da nake son in tsallaka, kuma ga shi ya jingina da ita hankali kwance.

Wanzami ne ya tona. Bayan an yanke gero, wata Juma'a da hantsi, yana yi wa Baba aski a zaure, ya kai hannu ƙarƙashin muƙamuƙin hagu zai gyara gemu, sai ya tsaya. Ƙanena yana wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce wanzamin ya danna wurin da babban yatsa, ya sake dannawa, ya tambaya ko da zafi. Baba ya ce babu. Ƙullutu ne kamar goro, mai tauri, ba ya motsi. Baba ya ce to ya sa ƙaho ya zuƙe shi mana. Wanzamin ya ninke askarsa ya sa a zabira.

"Malam, wanga ba na aska ba ne. Ku tahi likita, kada ku kwana biyu."

Wannan mutum ne da ban taɓa jin ya ce wani ciwo ya fi ƙarfinsa ba. Ƙanena ya hau babur ya same ni a lakwal, ya ce in fito.

Likitan garinmu ya taɓa wuyan sau ɗaya, ya tambaye ni ina sakamakon da ya ce in kawo. Na miƙa masa. Ya karanta, ya dubi kwanan watan da ke sama, ya dube ni.

"Madan, kin karanta har ƙasa?" ya tambaya da Faransanci.

"Na karanta."

 Ya jawo takarda ya rubuta mana zuwa wurin likitar maƙogwaro a Maradi, ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar gaggawa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Likitar mace ce, ba ta girme ni ba, kuma Bahaushiya ce 'yar gari. Muna shiga ta gaishe da Baba da Hausa, ta tambaye shi da kanta, ya amsa da kansa. Na gyara tabarau na zauna a gefe, ba wanda ya nemi in juya komai. Ta sa safar hannu ta kai yatsa can gindin harshensa har ya yi kakari. Ta zura wani siririn bututu mai haske ta hancinsa, ta daɗe tana kallo. A ranar ta sa aka yi hoton. Dattijon nan mai furfura ne dai, da tirensa. Baba ya naɗe hannun riga da kansa ya miƙa. Da ya fito ya ce ya ji zafi ya bi jikinsa har ƙafa, bakinsa kuma kamar ya tsotsi ƙusa.

Kashegari likitar ta jera faifan biyu a jikin allo mai haske, tsohon da sabon. A sabon ko ni na gani: wani abu mai haske-haske a gefen hagu, bakinsa ba daidai ba, da wasu dunƙulalle biyu a ƙasa. Ta nuna wa Baba da bayan biro.

"Baba, ka ga nan? Gindin harshe ne. Waɗannan kuma kaluluwa ce, ita wanzami ya taɓa." Ta koma kan tsohon. "Nan wuri guda ne. Yanzu da na san inda zan duba, ina ganin kamar gehen ga ya ɗan hi wancan cika. Amma ran nan ba wanda za ya iya rantsewa. Hoto ba allura kamar neman farin zare ne cikin auduga."

Baba ya tambaya ko wanda aka yi da allura shi ba ya kuskure. Ta ce yana yi. Ta ce akwai ciwon da ke shimfiɗe a saman nama, bai yi tudu ba, ko da allura yana wucewa ba a gani ba, shi ya sa take dubawa da ido da yatsa. Akwai kuma lokacin da hoto ke nuna abu a tsorata, a ƙarshe ya zama ƙurji ne kawai. Hoto yana nuna wuri da girma, ba ya faɗin sunan ciwo. Sai an yanki ɗan nama an aika Yamai an duba. Amma ta ce ba za ta ɓoye masa ba, tana tsoron ciwon daji ne.

Sai ta ɗauki tsohuwar takardar ta karanta, ta ɗaga kai.

"Ai an rubuta nan a sake da allura in ciwo bai bari ba. Mi ya hana ku dawowa tun bayan Salla?"

Da Hausa ta yi tambayar. Baba ya juyo ya dube ni.   Ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da ido kan likitar.

"Aikin gona ya riƙe mu, ɗiyata," ya ce.

An yanki naman bayan kwana biyu. Da aka sallame mu muka zauna a gindin wani dogon yaro a bakin hanya muna jiran mota, rana ta karkata. Magana tana yi masa wuya, yana riƙe da tsumma a baki. Ya nuna jakata, ya ce in fiddo takardar farko in karanta masa. Na karanta layi na ɗaya, na biyu, na uku. Na kuma faɗa masa abin da dattijon ya ce ranar azumi, da abin da na ce ya ce. Ina yi ina kuka a bakin titi, mace da girmana, masu babur suna waiwaye.

"Da an yi allurar ran nan, da an gani?"

"Likita ta ce ƙila. Ba ta ce tabbas ba."

Ya gyaɗa kai. Ya goge baki, ya duba tsumman, ya ninke.

"Da kin hwaɗa mini, ƙila da na ƙi. Kin san halina. Amma da ni na ƙi da kunnena, da kayana ne. Yanzu kin ɗauke min kin aza bisa kanki, kuma ban san yadda za ni sauke miki ba."

Bai sake maganar ba, a mota ko a gida. Inna da ƙanena ba daga bakinsa suka ji ba, ni na gaya musu daga baya.

Sakamakon ya yi mako uku kafin ya dawo daga Yamai. A lokacin Baba ya daina zuwa lambu, kunu ma da cokali yake sha. Ni kaɗai na je, likitar ta zaunar da ni ta yi mini bayani, ta haɗa da wasiƙar da za mu kai babban asibiti, ta ce in kawo shi ranar Alhamis ta gaya masa da kanta. Na ce to. Ina shiga gida da hantsi ya ga ambulan a hannuna. Ya ce wa Inna ta ba mu wuri, ya ce wa ƙanena ya je ya duba albasa. Na ce masa likita ta ce ita za ta yi masa bayani ranar Alhamis.

"Ke za ki karanta min," ya ce. "Ban son kowa. Zamna."

Na zauna a bakin tabarmar. Wasiƙar layi biyar ce. Na huɗu shi ne mai sunan ciwon, da cewa ya riga ya kai ga kaluluwar wuya. Na karanta masa duka, ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Da na gama ya cire audugar daga kunnensa, ya matso kusa, ya ce in sake na huɗun, muryata ta yi ƙasa bai ji ba.